Me boka yake nema a cikin madubinsa?

Yau ba maganar tsadar siminti ko farashin kwanon rufi muka kawo muku ba. Wani musu ne da ya hana mu sakat a Katako kusan wata biyu ke nan, har wasu maƙwabta suka laƙaba mana suna 'yan fadar madubi. Tambayar guda ɗaya ce tal. Bokan da yake zaune gaban madubin tsafi dare da rana yana kallon jarumi, me yake nema? Wanda bai san mu ba zai ce rashin aikin yi ne. A yi mana haƙuri a ji zancen har ƙarshe, don tambayar ta fi ƙarfin littafin da ta fito daga cikinsa.

Ga wanda bai san inda aka dosa ba, akwai wani reshe na rubutun Hausa da ake kira littattafan yaƙi. Mafi yawansu daga Kano suke zuwa, kuma sunan da ya fi yawo a bakin masu saurare shi ne Abdulaziz Sani Madakin Gini. Labarai ne na sadaukai da sarakuna da bokaye da aljannu, cikin birane da dazuzzukan da babu su a taswirar kowa. Ba yau aka fara ba. Tun gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, Bahaushe yake son labarin mutumin da ya bar gida ya faɗa duniyar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya. Marubutan yanzu sun ɗauki wannan gado, suka ƙara masa takubba da tsafi da tsawo, har littafi ɗaya ya kai kashi-kashi masu yawa.

Mu nan ba karanta su muke yi ba, saurare muke. Da yawa cikinmu da Faransanci muka yi lakwal, wasu kuma allo kaɗai suka riƙe, ga hannu kullum cikin aiki. Sai Allah ya kawo masu karantawa da murya suna ɗorawa a YouTube, ana turawa ta WhatsApp, ko ka ba yaro 'yan daloli ya cika maka katin waya. Da rana ba a jin komai a Katako in ban da ƙarar guduma, da injin yankan katako, da masu narka alminiyum suna zuba tukwane. Amma in an yi la'asar kasuwa ta fara lafawa, sai a ɗora shayi kan gawayi, a haɗa waya da 'yar sifika, a zauna. Kafin a sha na uku an ci kashi guda.

Duk wanda ya saurari irin waɗannan littattafai ya san madubin tsafi. Boka ya shiga ɗakin tsafinsa, ya shafi madubi, ya karanta ɗalasimai, sai hoton wanda yake nema ya bayyana ko da yana bangon duniya. A mafi yawan labarai aikin madubin a fili yake: a gano inda jarumi yake, a tura masa runduna. Wanda muke saurare yanzu ne ya zo da abin da ya ɗaure mana kai. Ba za mu faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda ba su kai inda muka kai ba, kada mu ɓata musu.

Ga yadda abin yake. Bokan wani azzalumin sarki yana kallon wani yaro tun ranar da aka haife shi a rugar makiyaya. Ya san inda yake kwana, ya san rijiyar da yake sha, ya ga ranar da ya fara riƙe takobi. Yana da aljannun da za su iya sunkuto yaron kafin ƙiftawar ido. Sau uku sarki yana tambayarsa inda yaron yake, sau ukun kuma boka yana faɗin gaskiyar da ta kwana: ya ambaci garin da yaron ya bari shekaranjiya, runduna ta je ta tarar da wayam. Yanzu yaro ya zama sadauki, boka bai daina kallo ba, marubuci kuma bai ce uffan ba a kan dalili. Nan fadarmu ta rabu.

Rukuni na farko maƙera ne da masu walda. Su a wurinsu babu wani abin mamaki, tsoro ne. Sun ce boka ya buga ƙasa ya ga ajalinsa a hannun yaron nan yake, kuma ya san duk wanda ya yi ƙoƙarin kauce wa abin da aka rubuta, ƙafarsa ce take kai shi wurin. Hujjarsu labarin da kowa yake ji a tafsirin azumi. Masu duba sun gaya wa Fir'auna za a haifi yaron da zai kawo ƙarshen mulkinsa, ya sa aka yi ta yanka jarirai maza na Bani Isra'ila, ƙarshe a cikin gidansa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya girma. Wani maƙeri cikinmu ya ce: «Bokan nan ya fi Fir'auna wayo. Ya san in ya taɓa yaron, shi ya jawo ranar kusa. Sai ya zauna yana ƙirga kwanakinsa a fuskar yaro. Kullum yaro ya ƙara tsawo, shi kuma ya rage.» Maganar ta shige mu. Sai dai akwai inda ta gaza. In tsoro ne kaɗai, me ya hana shi barin sarki ya yi aikin da hannunsa? Ai ba shi ya kashe zomon ba, ko rataya ba za a ba shi ba.

Rukuni na biyu, wata Hajiya mai sayar mana da abinci ce shugabarsu, kuma samari da yawa sun bi ta. Ita ta rantse yaron jinin boka ne. Ko ɗansa ne da aka ɓoye, ko ɗan 'yarsa. Ta ce mu maza ba ma saurare da kyau, hankalinmu yana kan sara da suka. Ta tuna mana wurin da yaro ya yi zazzaɓi yana ƙarami, aka ce boka ya kwana uku bai fito daga ɗakin tsafi ba, bai ci ba bai sha ba. «'Ya'yana, maƙiyi ba ya hana kansa abinci don maƙiyinsa na ciwo,» in ji ta. «Ni na san wannan zaman. Na yi shi a bakin gadon asibiti.» Babu wanda ya iya ba ta amsa a ranar.

Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939. A littafi na farko sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla makirci. Aku ne ya zame wa Musa mai tsaro, yana riƙe shi da labarai don kada ya fita ya faɗa tarko. Suka ce to ga shi nan, ba kowane mai sa ido ne mugu ba, akwai wanda yake kallonka don kada ka halaka. Mun yarda da wannan. Amma za mu dawo kan akun nan, don akwai abin da ya raba shi da boka.

Rukuni na uku mutum ɗaya ne, amma ya fi goma nauyi. Wani dattijo ne mai sayar da tsofaffin ƙofofi da tagogi, mutumin wajen Tawa, wanda ya zo Yamai tun yana saurayi. Ya daɗe yana jinmu bai sa baki ba. Ran nan ya ajiye kofinsa ya ce: «Ku yara, wanga boka ba sarki shika yi ma aiki ba, kainai shika yi ma.» Muka ce Baba, yi mana bayani. Ya ce muddin yaron yana raye, sarki yana buƙatar boka. Ranar da aka kawo kan yaro a faifai, ranar boka ya zama tsoho mai cin tuwon banza. Don haka yake sayar wa sarki labari da mudu-mudu, ba ya taɓa buɗe masa buhu. Kuma wa ya ce mana yaron kaɗai yake kallo? Madubin da ya iya hango ruga a bayan duwatsu bakwai, zai kasa hango ɗakin barcin sarki da yake bayan katanga?

Sai ya kai mu baya, zamanin Janar Seini Kunce, wanda ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974 ya riƙe har rasuwarsa a watan Nuwamban 1987. Ya ce a wancan lokaci in mutum uku suka zauna hira, kowa yana zargin ɗaya cikin biyun nan kunnen gwamnati ne, kuma sunan ofishin da ake kira Coordination kaɗai ya isa ya sa baki ya mutu. Cikin na kusa da Kunce akwai Amadou Oumarou, wanda duk ƙasa ta sani da Bonkano. Mutum ne da ya shahara da harkar asiri, kuma yana ba shugaban shawara a kan tsaro. A farkon watan Oktoban 1983, Kunce yana Faransa wajen taron shugabanni a Vittel, aka yi yunƙurin juyin mulki a Yamai, kuma sunan Bonkano ne a gaba. Yunƙurin bai yi nasara ba, Bonkano ya bar ƙasar. Baba ya ce shi bai ce Bonkano yana da madubi ba, kada mu je mu ƙara masa gishiri. Abin da yake nufi, wanda ka ɗora ya gano maka sirrin kowa, naka sirrin ne ya fi kusa da hannunsa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, in ji masu iya magana. Samarin da ba a haife su ba a 1983 sai suka yi tsit, don ba su taɓa zaton labarin aljannu zai ratso ta Yamai ba.

Rukuni na huɗu, mai gyaran waya ne da abokansa. Shi ya ce duk mun yi nisa, abin yana kusa. Boka ba shi da wani babban shiri. Ya fara kallo ne don aiki, sai kallon ya kama shi. Ya duba rayuwarsa: ɗaki mai duhu, ƙwarangwal, hayaƙi, babu mata babu ɗa babu aboki, aljannun ma don dole suke masa biyayya. Ya duba madubi: ga yaro yana gudu cikin ciyawa, uwa tana kiransa cin tuwo, abokai suna kokawa da shi. Sai ya kasa ɗauke ido. Yana ƙin yaron, kuma in ya kashe shi ba shi da sauran abin kallo. Ya kawo misalin tatsuniyar Turawa da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka buga a 1812, ta sarauniyar da take tambayar madubinta wa ya fi kowa kyau. Tana da sarauta, tana da dukiya, amma yarinya ɗaya ta hana ta barci. Hassada ke nan, wadda ake cewa ga mai rabo taki ce.

Da muka ce ina ya samo wannan fahimta, sai ya ɗaga wayar da take hannunsa. Ya ce: «Yayyena, ni ne mai gyaran madubin tsafi a kasuwar nan.» Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce a teburinsa yake ganin mutumin da suka yi shekara biyu ba sa gaisawa da wani, amma bai taɓa barin hoton da wancan ya ɗora ya wuce shi ba. Ya ce babu makon da zai wuce wani bai zo ya ja shi gefe ba, yana tambaya ko akwai dabarar da zai riƙa ganin saƙonnin matarsa, ko mace ta zo da wayar miji a ɓoye cikin mayafi tana so a buɗe mata. Yana ce musu shi gilashi da batir yake canzawa. Wasu su tafi da fushi, su nemi wani.

Akwai kuma 'yan tsiraru masu cewa boka ne abin tausayi, don jarumi ya daɗe da sanin ana kallonsa. Kifi na ganinka mai jar koma. Suna nuna wuraren da yaro yake yin abin da ba shi da ma'ana: ya ɗaura sirdi ya fuskanci gabas da rana tsaka, dare na yi ya juya yamma. Wa yake yi wa wannan wasa in ba madubi ba? In haka ne, shekara da shekaru boka yana kallon abin da aka shirya masa ne, yana zaton sirri ya gano.

Malaminmu da yake ja mana salla a masallacin layi ya saurari duk wannan, ya ce shi bai hana mu nishaɗi ba tunda ƙagaggen labari ne, amma kada wani ya tashi daga nan ya nufi gidan mai duba, don gaibu na Allah ne shi kaɗai. Sannan ya ƙara da wani abu cikin raha. Ya ce marubuci ne ya fi kowa buƙatar madubin, don da shi yake ɗauke mu daga fada ya kai mu daji ba tare da ya sa mu hau doki ba. Duk lokacin da boka ya leƙa, mu ne a bayansa muna leƙe ta kafaɗarsa. Ashe dai fadarmu gaba ɗaya a ɗakin tsafin take zaune.

Bayan wata biyu ana wannan, mun lura da abu biyu.

Na farko, kowa kansa ya gani a madubin. Maƙerin da kullum yake wasa da wuta ya ga tsoro. Uwa ta ga uwa. Wanda ya rayu zamanin da ake tsoron inuwa ya ga bafade. Mai gyaran waya ya ga masu kawo masa gyara. Marubuci bai faɗi dalili ba, sai kowannenmu ya ciro nasa daga aljihu ya liƙa wa boka.

Na biyu ya fi muhimmanci. A duk littattafan nan da muka saurara, mai madubi ba ya cin nasara. Yana ganin komai, amma ƙarshe shi ake mamaya. Dalili kuwa, madubi yana nuna abin da mutum ya yi, wani lokaci har da abin da ya ce, amma ba ya nuna abin da ya sa ya yi. Wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da yake zuwa taya mahaifinsa tsaron shago ya ce haka abin yake har a littattafan Turawa. A cikin The Lord of the Rings na marubucin Ingila Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, akwai wani dutse da ake hango nesa da shi. Mai riƙon ƙasar Gondor ya yi ta duba shi, maƙiyi kuma yana zaɓar abin da zai bari ya gani. Ya san jiragen ruwa masu baƙin tuta suna tahowa, ya yanke ƙauna ya halaka kansa, alhali masu kawo masa ɗauki ne a cikin jiragen. Dutsen bai yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya. Rabin gaskiya ya ba shi, shi kuma ya cika sauran da zato.

Muna cewa gani ya kori ji. A Katako mun ga inda gani ya kori gaskiya. Wani maigida a layinmu, mai sayar da rodi, yana da yaron shago da suka yi shekara bakwai tare. Shi yake riƙe makulli, shi yake kai kuɗi gida. Wata rana wani ya ɗauki hoton yaron a bayan rumfa yana karɓar damin kuɗi daga hannun wani dillali, ya tura wa maigidan ta WhatsApp ba tare da ya rubuta ko kalma ɗaya ba. Maigida bai tambayi yaro ba. Sai ya fara ƙirga rodi safe da yamma, ya karɓe makulli da sunan zai canza kwaɗo, ya sa ƙaninsa ya riƙa bin yaron in an aike shi. Mako biyu ana haka. Lissafi bai nuna ko dala ta ɓace ba. Amma yaro ba jaki ba ne, ya gane. Ya zo ya durƙusa ya ce: «Alhaji, in na yi laifi a gaya mini, in kuma zaman ne ya ƙare a sallame ni da alheri.» Alhaji ya ce babu komai. Washegari yaro bai zo ba.

Daga baya aka ji kuɗin adashi ne da samarin layi suke yi, kwasar ta faɗo kansa, dillalin shi ne uban adashi, kuma maganin mahaifiyarsa ya saya da su. Alhaji ya aika manya har sau biyu. Yaro ya karɓe su da mutunci, ya ce ya yafe, amma ba zai iya sake riƙe makullin da aka taɓa karɓewa daga hannunsa ba. Yanzu yana wata kasuwa yana yi wa wani aiki. Hoton nan gaskiya ne, babu wanda ya haɗa shi. Tambaya ɗaya ta minti guda da ta wadatar. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Wannan ya sa muka ce maganar ta fi ƙarfin littafi. Kasuwa irin tamu ba da takarda take tafiya ba. Mai tukwane yana karɓar alminiyum bashi, kafinta yana ɗaukar katako ya biya in ya kai aiki, mai kura yana tafiya da kayan jika ɗari babu wanda ya rubuta sunansa. Amana ce jarin kowa. Ranar da kowa ya koma leƙen kowa, ranar ciniki zai tsaya ko da rumfuna cike suke da kaya. Haka gidan aure yake.

Madubin manya kuma yana nan, ba mu manta ba. A watan Mayun 2020 majalisar dokokin ƙasarmu ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraron wasu hanyoyin sadarwa saboda tsaro, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Wannan zance ne na wata rana, kuma ba a rumfar shayi za a yanke shi ba. Wanda yake cikin aljihunmu shi ne a hannunmu.

To ina muka tsaya? Ba mu ce kada uba ya sa ido kan ɗansa ba, ko maigida ya bar shago ba lissafi. Mai dukiya yana da haƙƙin ƙirga dukiyarsa, uwa tana da haƙƙin sanin da wa 'yarta take magana. Nan ne akun Magana Jari Ce ya dawo. Aku a gaban Musa yake zaune, Musa yana ganinsa, yana jin muryarsa, yana iya yi masa musu. Boka kuwa a ɗaki mai duhu yake, wanda yake kallo ba shi da bakin kare kansa. Ko da Hajiya ce take da gaskiya, ko da yaron ɗansa ne na cikinsa, shekara ashirin na kallo ba su ba yaron uba ba. Bai taɓa jin muryarsa ba, bai taɓa cin hatsinsa ba. Ƙaunar da ta tsaya a bayan gilashi, mai ita kaɗai take yi wa amfani.

Saboda haka ma'aunin da muka tsayar a fadarmu mai sauƙi ne. In za ka iya duban idon mutum ka ce masa ina sa maka ido, ga kuma dalilina, to kula ce. Maigidan da ya ce wa yaronsa duk Juma'a za mu zauna mu yi lissafi tare, bai ci mutuncin kowa ba. In kuwa abin da kake yi sai a ɓoye, in an kama ka za ka ji kunya, to ka shiga ɗakin boka ko da carbi ne a hannunka. Malam ya tuna mana cewa aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta haɗa abu uku wuri guda ta hana: yawan zato, da binciken sirrin juna, da gulma. Ya ce mu duba yadda suke bin juna kamar raƙuman ayari. Zato ne yake tura mutum leƙe, abin da ya leƙo kuma ba ya zama a ciki, sai ya kai shi bakin wani. Suratun Nur kuma ta koya mana neman izini kafin shiga gidan da ba namu ba. Wayar mutum a yau ɗakinsa ce, har ta fi ɗaki, don abin da yake cikinta ko a ƙarƙashin katifa ba a ajiye shi.

Game da bokan littafinmu, har yanzu ba a sasanta ba. Hajiya ta sa kwanon dambu, mai gyaran waya ya sa gyara kyauta na wata guda, Baba ya ce shi ba ya caca amma a rubuta maganarsa a ajiye. Wataƙila marubuci ya fito da dalilin da babu wanda ya hango cikinmu, ya bar mu baki buɗe. Kafin nan, muna roƙon duk wanda aka turo wa hoton wani, ko muryar wani, ya tsaya tukuna kafin ya yanke hukunci ko ya tura gaba. Ya tashi ya taka ya je ya tambayi mai abin, tunda shi ba a bayan duwatsu bakwai yake ba, yana layi na gaba.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya kare mu daga mugun zato, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Gaisuwa daga 'yan'uwanku na Katako, Yamai.